Ba a Yi wa Mutum Aski Ba Ya Nan: Tunawa da Elijah Harper

Ranar 12 ga Yuni, 1990, a zauren majalisar dokokin lardin Manitoba da ke birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, kakakin majalisa ya tambayi wakilai ko sun yarda a jingine ƙa'idar sanarwa domin a shigo da ƙudurin gyaran kundin tsarin mulki cikin gaggawa. Majalisar tana da kujeru 57, shugabannin jam'iyyu uku da ke cikinta sun riga sun daidaita bakinsu, kuma dokar zauren ta ce irin wannan gaggawa ba ta yiwuwa sai idan babu ko mutum ɗaya da ya ƙi. Sai wani wakili daga ɓangaren 'yan adawa, mai doguwar suma da ya ɗaure ta a ƙeya, mutumin da aka sani da sanyin murya da ƙarancin magana, ya girgiza kai ya ce a'a. Aka sake tambaya washegari, ya sake cewa a'a. Haka aka yi ta yi har zuwa 22 ga watan, shi kuwa yana zaune a kujerarsa, a wasu ranakun da gashin mikiya a hannunsa, wanda a al'adar mutanensa alama ce ta girma da faɗin gaskiya. Da wa'adin ya cika ranar 23 ga Yuni, yarjejeniyar da firayim minista da firimiyoyin larduna goma suka ƙulla ta mutu murus.

Sunan mutumin Elijah Harper. Ya rasu ranar 17 ga Mayu, 2013, yana da shekara 64, kuma duk lokacin da watan Mayu ko na Yuni ya zagayo, mutanen Kanada kan fito da hoton nan nasa da gashin mikiya su yi ta yabo. Ni ma ina cikin masu ganin ya cancanci a tuna da shi, amma ina tsoron irin tunawar da ke ɗaukar hoto ta bar dalilin hoton, domin abin da Harper ya yi a waɗannan kwanaki ƙara ce ya shigar a kan ƙasarsa, kuma ba a gama sauraron ƙarar ba har yau.

Kafin a fahimci a'ar tasa sai an san daga ina ya fito. Mu da muka taso muna kallon finafinan kaboyi, sunan da muka ji ana kiran mutanensa da shi shi ne Indiyawan daji, suna ne da bai kamata ya ƙara fita daga bakin mai hankali ba, domin su ba mutanen Indiya ba ne, kuma al'ummomi ne masu harsuna da sarautu da dokokinsu tun kafin Bature ya san akwai wata ƙasa a hayin teku. Kundin tsarin mulkin Kanada ya ambaci rukuni uku na 'yan asalin ƙasar: waɗanda a yau ake kira Al'ummomin Farko, da Inuit na yankin ƙanƙara, da Métis, al'ummar da ta samo asali daga auratayya tsakanin 'yan asali da Turawa. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kusan miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, amma a Manitoba sun kai kusan kashi 18. An haifi Harper ranar 3 ga Maris, 1949, a Red Sucker Lake, wani ƙaramin gari na mutanen Oji-Cree a can arewa maso gabashin lardin, inda ba a shiga sai ta jirgin sama, ko kuma ta hanyar da ake shatawa a kan ƙanƙara idan hunturu ya daskarar da tafkuna. A ranar da aka haife shi, iyayensa ba su da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya sai idan sun yarda sun saki matsayinsu na 'yan asali da haƙƙoƙin da ke tare da shi. Sai a 1960 aka cire wannan sharaɗi, lokacin yana ɗan shekara 11.

Kamar dubban yaran zamaninsa, an raba shi da gida aka kai shi makarantun kwana da gwamnati ke ba da kuɗi, majami'u kuma ke gudanarwa, a Norway House da Brandon da Birtle. Manufar waɗannan makarantu, wadda ba a ɓoye ta ba, ita ce a raba yaro da harshensa da al'adarsa. Kimanin yara 150,000 suka bi ta cikinsu, dubbai suka mutu a can, kuma ba a rufe ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke riƙe da ita ba sai a 1996. Duk uban da ya taɓa tura ɗansa karatu wani gari ya san yadda zuciya ke zama a rataye, ko da shi ya zaɓi malamin da kansa, balle a ce hukuma ce ta zo ta ɗauke yaron ba shawara, ta kuma dawo da shi bayan shekaru yana jin kunyar yaren uwarsa. Daga cikin wannan Harper ya fito, ya yi karatu a Jami'ar Manitoba, ya zama shugaban al'ummarsa a 1978 yana ɗan shekara 29, sannan a 1981 ya ci zaɓen mazaɓar Rupertsland a ƙarƙashin jam'iyyar New Democratic Party (NDP). Shi ne mutum na farko daga cikin al'ummomin da suka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da Sarautar Ingila da ya zauna a majalisar lardin, kuma a 1986 ya shiga majalisar ministoci.

Ita kuwa yarjejeniyar da ya ƙi, asalinta tsohuwar rigima ce tsakanin masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci. A 1982 Kanada ta karɓo cikakken iko da kundinta daga majalisar Birtaniya ba tare da gwamnatin Kebek, lardin da mafi yawan mutanensa Faransanci suke ji, ta sa hannu ba, abin da ya zauna wa mutanen lardin a rai. Da Brian Mulroney ya zama firayim minista sai ya ɗauri aniyar lallashinsu, ya tara firimiyoyi goma a wani gida da ke bakin tafkin Meech ranar 30 ga Afrilu, 1987, suka amince a bayyana Kebek a matsayin al'umma ta daban, a kuma ƙara wa larduna wasu iko. A nan ne ƙaiƙayin yake. Daga 1983 zuwa Maris na 1987, shugabannin tarayya da na larduna sun zauna sau huɗu da wakilan 'yan asalin ƙasa a kan batun ikon mulkin kai, aka tashi kowane zama ba a cimma komai ba, aka ce musu maganar tana da wuyar fassarawa, ba za a iya sa ta a kundi ba sai an san iyakarta. Wata guda bayan watsewar zama na huɗu, mutanen nan dai suka kulle ƙofa, suka amince a rana ɗaya da wata kalma mai wuyar fassarawa saboda Kebek. Ba a gayyaci ko ɗan asali ɗaya ba, kuma labarin da aka gina yarjejeniyar a kansa shi ne na ƙasar da al'ummomi biyu suka kafa, Ingilishi da Faransawa, kamar sun tarar da fili babu kowa.

Na taɓa ganin irin wannan a ƙaramin sikeli, shi ya sa labarin bai yi mini nisa ba. Ina yaro aka yi rabon gonakin kakanmu, maza suka zauna a zaure suka gama lissafi, suka yanka wa kowa nasa, suka kuma cire wa gwaggona da ke aure a wani gari wani yanki a gefen fadama ba tare da an aika mata ba. Ranar da za a je gaban dagaci a tabbatar, sai ga ta ta iso da ƙurar hanya a ƙafarta, ta zauna a bakin tabarma, ta gyara lulluɓi, ta gaishe da kowa, sannan ta dubi babban wansu ta ce, "Yaya, ni ma 'yar gidan nan ce, kuma ban ji an kira ni ba." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ce rabon ya yi mata kaɗan ba. Aka fara gunaguni cewa damina ta kusa, za ta jawo a rasa shuka, har wani ya ce ai an riga an gama magana. Limamin unguwa ne ya katse su da cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan, aka naɗe tabarma aka sake sa rana. An yi asarar wasu kwanaki, an kuma yi shekaru wasu ba sa sakin fuska da ita, amma tun daga ranar ba a ƙara raba komai a gidan ba sai an aika wa mata.

Mutane da yawa suna ba da labarin Harper kamar na wani jarumi da zuciya ta ɗebe shi ya tashi shi kaɗai, kuma a ganina wannan rage masa daraja ne. Abin da ya yi aiki ne na wanda ya san kan majalisa. Ya shekara tara a zauren, ya san cewa dokar Manitoba ta wajabta a saurari ra'ayin jama'a kafin a kaɗa ƙuri'a a kan gyaran kundi, ya san gwamnati ta makara har ba ta da isassun kwanakin bin ƙa'ida, ya kuma san cewa makarar ba tsautsayi ba ce, domin Mulroney da bakinsa ya faɗa wa wata jarida cewa da gangan ya ja lokaci zuwa ƙurewa don ya matsa wa masu jan ƙafa. Harper ya kama gwamnati da kuskure a yadda ta ba da sanarwar ƙudurin, kakakin majalisa ya ba shi gaskiya, aka koma baya aka sake lissafin kwanaki. A bayansa kuma akwai majalisar shugabannin al'ummomin Manitoba a ƙarƙashin Phil Fontaine, da lauyoyi, da dattawa, da jama'ar da suka cika harabar majalisar suna kaɗa ganguna, da dubban da suka rubuta sunayensu suna neman a saurare su. Da gwamnatin tarayya ta ga abin ya kai inda ya kai, sai ta aiko da tayin alkawura, ciki har da kafa babbar hukumar bincike a kan halin 'yan asalin ƙasa, shugabannin suka ƙi, domin sun gaji da karɓar alkawari a madadin kujera a wurin shawara. Mutumin da aka kai makaranta don a shafe asalinsa ya koyi dokokin waɗanda suka kai shi, ya tsaya a kansu ƙeƙam, bai karya ko ɗaya ba. Wannan ne abin da nake so matashin da ke sha'awar siyasa ya riƙe, ko a wace ƙasa yake.

Ba zan ɓoye cewa akwai masu ganin ya yi ɓarna ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mutanen Kebek sun ɗauki mutuwar yarjejeniyar a matsayin mari daga sauran ƙasar. A cikin wannan ɗacin ne jam'iyyar Bloc Québécois, mai neman Kebek ta ɓalle daga Kanada, ta kafu a ƙarƙashin Lucien Bouchard, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1995 masu son ɓallewa sun sami kashi 49.4, masu son zama kashi 50.6, tazarar da ba ta kai ƙuri'a 55,000 ba. Ƙasar ta tsallake rijiya da baya. Mai tambaya yana iya cewa, da wane haƙƙi wakili ɗaya na mazaɓa mai ƙarancin jama'a zai jefa ƙasa guda cikin wannan haɗari? Amsata ita ce, haɗarin ba shi ya ƙirƙire shi ba. Waɗanda suka zaɓi su sasanta rigimar gida ta hanyar mantawa da masu gidan na farko su suka dasa shi, kuma waɗanda suka bar komai sai daren ƙarshe su suka shayar da shi. Ga shi kuma ba Manitoba kaɗai ta rage ba, domin firimiyan Newfoundland, Clyde Wells, ya soke ƙuri'ar da aka shirya a majalisarsa a ranar 22 ga watan. Harper da kansa ya sha bayyana cewa ba da Kebek yake faɗa ba, bai kuma musanta cewa al'umma ce ta daban ba, abin da ya tambaya shi ne ina aka bar waɗanda suka fi kowa daɗewa a ƙasar. Dokar da ta ba shi ikon ƙi ba don ado aka rubuta ta ba, an rubuta ta ne domin ranar da masu rinjaye za su so su yi gaggawa a kan abin da zai daɗe bayan su.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa maganar ta riga ta nuna, ana jiran mai tsinka ne kawai. Ranar 11 ga Yuli, 1990, makonni kaɗan bayan haka, rikicin Oka ya ɓarke a Kebek, inda mutanen Mohawk suka tare hanya saboda shirin faɗaɗa filin wasan golf zuwa cikin dajin da maƙabartarsu take kusa da shi, aka kwana 78 ana fuskantar juna da 'yan sanda da soja. A 1991 aka kafa hukumar binciken nan, ta miƙa rahotonta a 1996. Da aka sake zaman gyaran kundi a 1992, an ba ƙungiyoyin 'yan asali huɗu kujera a teburin, an kuma rubuta ikon mulkin kai a cikin yarjejeniyar Charlottetown, duk da cewa jama'a sun yi watsi da ita a ƙuri'ar Oktoba ta shekarar. A 2004 kotun ƙoli ta yanke cewa wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi 'yan asalin ƙasa kafin ta yi abin da zai taɓa haƙƙinsu, a 2008 firayim minista ya nemi gafara a majalisa saboda makarantun kwana, a 2015 kuma Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki makarantun, ta fitar da buƙatu 94. Ba na cewa Harper ne ya haifi duk wannan, domin dubban mutane sun yi fafutuka kafinsa da bayansa, amma bayan Yuni na 1990 babu shugaban Kanada da ya ƙara tunanin zai taɓa kundi ba tare da ya aika musu ba.

Tunawa ta gaskiya kuma ba ta mayar da mutum waliyyi. A 1987 an sauke Harper daga muƙamin minista bayan ya yi haɗarin mota da giya a jikinsa, ya amsa laifinsa, ya shiga jinya, aka mayar da shi bayan 'yan watanni. Da ya koma majalisar tarayya a Ottawa a 1993 a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal, rashin lafiya ta ci masa lokaci mai yawa, bai yi wani tasiri irin na baya ba, ya kuma rasa kujerar a 1997. Ina ganin ya kamata a faɗa wa yara wannan ma, musamman yaran al'ummarsa da suka gaji raunin makarantun kwana, domin su san cewa wanda ya taɓa faɗuwa a bainar jama'a shi ne dai ya tsaya bayan shekara uku a lokacin da ake bukatar mai tsayawa.

Mu a nan sai mu yi hattara da kalmar ɗan asali, saboda a Najeriya takan zama sanda a hannun masu korar maƙwabci da sunan baƙo, ko da kakanninsa a garin aka binne su, alhali Harper bai nemi a kori kowa daga Kanada ba, kujera ya nema a inda ake yanke hukunci a kan ƙasar kakanninsa. Misalin da ya fi kusa da nasa a wurinmu shi ne na Gbagyi da Bassa da Gade da Gwandara da Koro da sauran waɗanda Abuja ta tarar a 1976, waɗanda ba su da gwamna ko majalisar jiha tasu, kuma sai a 2023 aka naɗa minista na farko daga cikinsu. Duk wanda ya yaba wa Harper daga nesa, ya kamata ya saurari waɗannan idan suka ce ba a kira su ba.

A Kanada kuwa, alamun girmamawa sun yawaita. Da ya rasu an ajiye gawarsa a ginin majalisar da ya yi tsayuwarsa, jama'a suka yi dogon layi suna bankwana. A 2021 Mary Simon, 'yar Inuit, ta zama Gwamna Janar, wato mai wakiltar Sarautar Ingila a Kanada, a Oktoba na 2023 kuma Wab Kinew, ɗan wani da ya tsira daga makarantun kwana, ya zama firimiyan Manitoba, mutum na farko daga Al'ummomin Farko da ya shugabanci wani lardi. Na yi murna da wannan matuƙa, kuma na tabbata ƙofar da aka tura a 1981 tana cikin dalilansa. Sai dai idan aka sauka daga benen majalisa aka dubi ƙasa, lissafin yana da nauyi. Mutanen da suke kashi 5 na jama'a sun haura kashi 30 na fursunonin gidajen yarin tarayya. Fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 15 da hukuma ta ba wasu gidaje riƙo 'yan asali ne, a Manitoba kuma kusan tara cikin goma na yaran da ke hannun hukuma nasu ne, abin da dattawansu ke kallo a matsayin ci gaban tsohon ɗaukar yara da sabon suna. A 2009, lokacin da murar aladu ke barazana ga garuruwan arewacin Manitoba, cikin kayan da hukumar lafiya ta aika wa wasunsu har da jakunkunan saka gawa, sai da ta fito ta ba da haƙuri. A 2015 gwamnati ta yi alkawarin cewa zuwa Maris na 2021 babu garin 'yan asali da zai rage ana gargaɗin mutanensa na dogon lokaci kada su sha ruwan famfo, wa'adin ya zo ya wuce ba a gama ba, a ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi kowa tafkuna a duniya.

Saboda haka idan za a tambaye ni yadda ya dace a tuna da Elijah Harper, zan ce a koyar da yaran makaranta abin da ya faru daga 1983 zuwa 1990 daki-daki, da zama huɗun da aka watse da zama ɗayan da aka kulle ƙofa, ba hoton gashin mikiya kaɗai ba. Zan ce kowace shekara a ranar 22 ga Yuni gwamnati ta tsaya a gaban majalisa ta faɗi nawa aka cika daga cikin buƙatu 94 ɗin nan, nawa suka rage, kuma wa ya riƙe su. Zan kuma ce 'yan majalisar da ke yaba masa su bar ƙa'idojin jinkiri da sauraron jama'a yadda suke, su daina neman hanyar gajarta su duk lokacin da wani babban aiki na haƙar ma'adinai ko shimfiɗa bututun mai ya biyo ta ƙasar 'yan asali, domin da irin waɗannan ƙa'idoji ne ya sami bakin magana. Ciwon suga ne ya raunana zuciyarsa har ya tafi da shi, cutar da ta fi addabar garuruwa irin nasa fiye da sauran ƙasar, inda abinci mai kyau ke zuwa ta jirgin sama da tsada. Bayan bankwana a Winnipeg an mayar da gawarsa Red Sucker Lake aka binne shi cikin danginsa, a garin da babu titin da ke kai wa gare shi a duk tsawon shekara.